Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Abin da Korona Ta Koya Mana Game da Karɓar Sababbin Ɗalibai

A garinmu Dalijan, cikin Ƙaramar Hukumar Gwandu, idan yaro ya sami gurbin karatu a jami'a, gida ɗaya ba ya ɗaukar nauyin shirin tafiyarsa. Inna za ta daka yaji da garin kunu, ta soya ƙuli-ƙuli. Kawu ya kawo 'yar katifa da bokiti. Gwaggo ta kwance bakin zane ta danƙa masa abin da ya sawwaƙa a ɓoye. Tsohon malaminsa na allo ya sa masa albarka. Daga nan sai a bi gida-gida ana sallama, kowane dattijo da nasiharsa: ka riƙe salla, ka guji abokan banza, ka tuna gidan da ka fito. Duka nasihohi ne masu kyau, ni ma da su aka sallame ni. Sai dai a cikin dukkan sallamar da na halarta, ban taɓa jin wanda ya ce wa yaro, idan zazzaɓi ya kama ka da tsakar dare ga ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ba.

Na fara lura da wannan giɓi ne a shekarar 2021, lokacin da na raka ƙanena wata jami'a a nan Arewa, wadda ba zan ambaci sunanta ba domin abin da na gani bai keɓanta da ita ba. A bakin ƙofar shiga komai ya yi tsaf. Ga mai gadi riƙe da na'urar auna zafin jiki yana nuna wa kowa a goshi, ga bokiti mai famfo da sabulu, ga allo an rubuta da manyan baƙaƙe cewa babu shiga sai da takunkumin fuska, ga kuma yara masu talla suna sayar da takunkumin ga wanda ya manto nasa. Da muka wuce ƙofar da taku kaɗan, sai muka tarar da ɗaruruwan sababbin ɗalibai sun cunkushe a wani siririn baranda suna jiran sa hannun mutum ɗaya, kowa ya saukar da takunkuminsa ƙarƙashin haɓa saboda zafi. Da dare bayan na kama hanyar gida ya kira ni ya ce, "Yaya, ɗakin da aka ba ni na mutum huɗu ne, amma mu tara na tarar, kuma an toshe tagar da kwali saboda ƙura."

A mako na uku zazzaɓi da tari suka kama shi. Bai je asibitin makaranta ba, domin bai san inda yake ba, kuma ya ji ana raɗe-raɗin cewa duk wanda aka samu da tari za a killace shi har rajista ta wuce shi. Sai ya tafi kemis a bayan makaranta ya sayi maganin zazzaɓin cizon sauro, ya ci gaba da kwana cikin mutum tara. Allah ya ba shi lafiya, babu kuma wanda ya gwada shi. Bai faɗa mana ba sai da ya dawo hutu.

Ra'ayina shi ne, shirin karɓar sabon ɗalibi a lokacin annoba ya kamata ya fara tun yana gidan ubansa, makonni kafin ya hau mota, kuma wurin da ya fi buƙatar kulawa shi ne ɗakin da zai kwana. A 2021 mun zuba ƙarfinmu a bakin ƙofa, inda baƙi da masu ɗaukar hoto ke gani. Korona ta lafa, amma abin da ya sa sabon ɗalibi ya fi kowa shiga haɗari yana nan yadda yake, kuma mu mutanen Gwandu da Aliero da Jega mun ga alamar haka kwanan nan.

Yadda aka rufe, da yadda aka buɗe

Yana da kyau mu tuna jerin abubuwan, domin mantuwa ta fara cinye su. An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya. Ranar 14 ga Maris aka fara jarrabawar JAMB ta wannan shekara, wadda kimanin mutum miliyan 1.9 suka yi wa rajista. Kwana biyar bayan haka Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu, kuma ranar 23 ga Maris, ranar da rufewar ta fara aiki a jami'o'i, ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta tsunduma yajin aikin sai-abin-da-hali-ya-yi. Jarrabawar WAEC da aka saba yi a tsakiyar shekara ba ta samu ba sai 17 ga Agusta. ASUU ta janye yajin aikinta ranar 23 ga Disamba, bayan wata tara, sannan Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ba da damar komawa karatu daga 18 ga Janairu, 2021.

Wannan rana ta faɗo ne a tsakiyar zagaye na biyu na annobar, lokacin da hukumar NCDC ke sanar da sama da mutum dubu ɗaya sababbin kamu a yawancin ranaku, kuma allurar rigakafi ba ta iso ƙasar ba sai 2 ga Maris. Rassan ASUU da dama sun fito fili sun ce jami'o'insu ba su shirya ba. Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ce za a sake duba ranar, daga bisani aka tabbatar da ita. Ni ina cikin waɗanda suka goyi bayan buɗewar, kuma har yanzu ban canza ba, domin zaman wata goma a gida ya yi wa yaranmu ɓarnar da ba a lissafa ba: wasu 'yan mata an aurar da su karatun ya tsaya nan, wasu samari sun tafi ci-rani ba su dawo aji ba. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, jami'o'i sun yi wata goma a rufe, kuma sharuɗɗan da aka fitar na komawa sun fi mai da hankali ga takunkumi da wanke hannu da auna zafin jiki. Tambayoyin da suka fi nauyi, wato mutum nawa za su kwana a ɗaki, wa zai ɗauki mara lafiya, ina za a ajiye shi, wa zai ciyar da shi, an bar wa kowace makaranta ta san yadda za ta yi.

Me ya sa sabon ɗalibi

Ɗalibin da ya shekara biyu a makaranta ya san hanyoyinta. Ya san inda ake samun ruwa idan famfon ɗakunan kwana ya ƙafe, ya san ma'aikaciyar jinyar da ke sauraren mutane, yana da abokan da za su goya shi a babur idan ya faɗi. Sabon ɗalibi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ne wanda ya fi kowa daɗewa a layi, domin a makonnin farko sai ya bi ofis-ofis: biyan kuɗi, tantance takardu, ɗaukar hoto, neman gado, rajistar darussa. Shi ne ke zama a manyan ɗakunan lacca na darussan gama-gari, inda ɗalibai daga tsangayoyi daban-daban ke haɗuwa har wasu su zauna a taga. Shi ne kuma ya fi jin kunyar tambaya, domin kada a gane baƙauye ne.

Akwai kuma dalili na ilimin cututtuka. Idan aka tara matasa daga garuruwa daban-daban cikin ɗaki ɗaya, kowa yana zuwa da ƙwayoyin cutar da jikinsa ya saba da su, ya haɗu da waɗanda bai taɓa haɗuwa da su ba. Ƙwayar da ke haddasa sanƙarau, alal misali, tana iya zama a maƙogwaron mutum lafiyayye ba tare da ya sani ba, ya kuma watsa ta ta hanyar tari da atishawa da kusantar numfashi. Wannan ne ya sa a Ingila tun 2015 ake ba matasa da masu shiga jami'a karo na farko allurar sanƙarau mai kare nau'i huɗu, hukumomin lafiya na Amurka ma sun daɗe suna ba da irin wannan shawara ga ɗaliban shekarar farko da ke kwana a makaranta. Waɗannan ƙasashe ne da cutar ba ta yi musu katutu kamar mu ba.

Korona ta nuna wannan a fili ko a ƙasashe masu arziki. A Amurka, Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ta buɗe azuzuwa ranar 10 ga Agusta, 2020, bayan mako ɗaya tak ta mai da karatun ɗalibanta intanet saboda cutar ta ɓarke a ɗakunan kwana. A Ingila, a watan Satumba na wannan shekara, an umarci ɗalibai kimanin 1,700 na wata jami'a a birnin Manchester da su killace kansu a ɗakunansu, yawancinsu sababbin zuwa ne da ba su ma gama sanin sunayen maƙwabtansu ba. A watan Nuwamba, ɗaliban Jami'ar Manchester suka wayi gari an kewaye masaukinsu da shingen ƙarfe ba tare da an sanar da su ba, kafin dare suka tumɓuke shi, hukumar jami'ar ta nemi afuwa. Darasin da na ɗauka daga can shi ne, a duk waɗannan wurare matsalar ta taso ne daga ɗakin kwana, kuma ta ƙazanta ne a inda aka yi wa ɗalibai hukunci ba tare da bayani ba.

To ina ga namu ɗakunan? Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2012 domin tantance buƙatun jami'o'in gwamnati, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, ya gano cewa gadajen kwanan da ake da su ba su ishi fiye da kimanin ɗalibi ɗaya cikin goma ba. Sauran tara ɗin ko dai su kama haya a unguwannin da ke kewaye da makaranta, ko su raɓa da wani a gadonsa. Duk wanda ya yi jami'ar gwamnati a ƙasar nan ya san 'yan raɓe, da yawa cikinmu ma mun taɓa zama su. Dokar ba da tazara ta mita biyu ba ta da ma'ana a ɗakin da katifu suka haɗe daga bango zuwa bango.

Annobar da ta riga korona, ta kuma wuce ta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a ranar 5 ga Mayu, 2023 cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Wani zai ce to maganar ta ƙare. Amma mu a wannan yanki muna zaune ne a tsakiyar zirin sanƙarau na Afirka, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tasowa daga shigowar hunturu zuwa faɗuwar damina, lokacin da ƙura da bushewar iska ke raunana hanci da maƙogwaro, mutane kuma suna rufe tagogi su cunkushe a ɗaki. A 1996 sanƙarau ya kama sama da mutum dubu 100 a Arewacin Nijeriya, ya kashe fiye da dubu 11. A tsakanin 2016 da 2017 wani nau'insa ya sake ɓarkewa, ya fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, ya kashe sama da mutum dubu ɗaya. A watan Maris na 2025 Gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 da sama da mutum 200 da ake zargin sun kamu, kuma ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa su ne Gwandu da Jega da Aliero.

A duba taswira. Aliero ita ce mazaunin jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a 2006, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Kalgo ita ce inda Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ta fara karatu kafin mazauninta na dindindin a Unguwar Jeji, kuma a asibitin jiha da ke Kalgo ɗin ne aka keɓe wurin killace masu korona a 2020. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato inda da yawa cikinmu suka yi karatu. Yaran Dalijan a waɗannan makarantu suke, kuma tunda yajin aiki da korona suka dagula kalandar karatu, sau da yawa sababbin ɗalibai suna isa ne a tsakiyar lokacin sanƙarau.

Sanƙarau ba ya ba da lokaci irin na korona. Yana iya kashe matashi mai ƙarfi cikin kwana ɗaya, kuma a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan mutum ɗaya cikin shida da suka kamu da nau'in da bakteriya ke haddasawa yana mutuwa, ɗaya cikin biyar kuma yana tashi da nakasa irin ta kurumta ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. Alamominsa na farko, wato zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro. Yaron da ya yi abin da ƙanena ya yi, ya sayi magani a kemis ya kwanta, zai iya rasa awannin da ake ceton rai a cikinsu. Kuma sanƙarau ba shi kaɗai ba ne. A 2021, shekarar da muke ta fama da takunkumi, kwalara ta kashe sama da mutum 3,500 a Nijeriya. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce cibiyarsa. Zazzaɓin Lassa kuma, wanda ɓera ke yaɗawa ta abincin da aka bari a buɗe, yana dawowa kowace rani, kuma duk wanda ya ga inda ɗalibai ke ajiye buhun garinsu ya san ɓera ba baƙo ba ne.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, takardar shaidar samun gurbi ta zo da takardar lafiya mai shafi ɗaya. A rubuta a ciki ranar da ɗalibi zai zo, ɗakin da aka ba shi ko kuma gaskiyar cewa babu gado, inda asibitin makaranta yake, lambar wayar da ake ɗauka dare da rana, alamomin da idan ya gani ba zai jira gari ya waye ba, da abin da kuɗin lafiyar da ya biya suka saya masa. Akwai tsarin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu da ake kira TISHIP, kuma ɗalibai da yawa suna biyan kuɗinsa cikin kuɗin rajista har su gama karatu ba su san suna da haƙƙin ganin likita da shi ba. Wannan takarda a yi ta da Turanci da Hausa, a Kebbi a ƙara da Fulfulde da Zabarmanci da Dakarci, a kuma naɗe ta da murya a tura ta WhatsApp da gidajen rediyo, domin wanda zai biya kuɗin mota da wanda za a kira idan yaro ya kwanta sau da yawa ba ya buɗe shafin jami'a a intanet. Hanyar isar da saƙon tana nan: JAMB tana da lambar wayar kowane ɗalibi, ta nan take tura masa sakamako.

Na biyu, rigakafi kafin tafiya. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, wadda ke kare nau'o'in sanƙarau biyar a allura ɗaya. Jiki yana buƙatar kimanin kwana goma zuwa mako biyu kafin kariyar ta kankama, saboda haka allurar da aka yi wa ɗalibi bayan cuta ta ɓulla a ɗakinsa ta zo a makare. Allurar ba ta wadata ba, ana kai ta ne inda annoba ta ɓarke, na sani. Shi ya sa nake cewa gwamnatocin jihohin da ke cikin zirin su nemi a sanya sababbin ɗaliban manyan makarantu da na sakandaren kwana cikin rukunin da za a fara ba, domin adadinsu sananne ne, sunayensu a rubuce suke, kuma ranar taruwarsu an san ta tun watanni. Kebbi tana da mazaɓu 225. Idan ɗalibi zai iya zuwa cibiyar lafiya ta mazaɓarsa da takardar gurbinsa a yi masa allura a buga masa hatimi, takardar shaidar lafiya da makarantu ke nema za ta zama tana nufin wani abu. A yanzu kowa ya san yadda ake samun irin wannan takarda ba tare da likita ya ɗora hannu a jikin mutum ba.

Na uku, a rarraba ranakun zuwa. Babu dalilin da zai sa dubban sababbin ɗalibai su iso rana ɗaya su yi layi a ƙofar ofis ɗaya. A ba kowace tsangaya ranarta, a fitar da teburan tantancewa ƙarƙashin bishiyoyi ko rumfa, a gama duk abin da za a iya gamawa ta waya kafin yaro ya baro gida. Wannan ba ya cin ko sisi, tsari kawai yake buƙata daga ofishin magatakarda.

Na huɗu, a duba ɗaki kafin a duba ƙofa. Ilimin da aka samu daga korona ya tabbatar da cewa irin waɗannan cututtuka sun fi yaɗuwa a rufaffen wuri marar iska, kuma na'urar auna zafin goshi ba ta kama wanda ke ɗauke da cuta ba tare da zazzaɓi ba. Kuɗin da aka kashe a kan irin waɗannan na'urori da ramukan feshi da aka girke a wasu ƙofofi, da an sa su a gyaran tagogi da sanya musu raga, da tabbatar da ruwa a banɗakuna, da sun fi amfani. Game da 'yan raɓe, korarsu ba za ta yi aiki ba, domin ba su da inda za su. Abin da zai yi aiki shi ne a san da su: kowane ɗaki ya kasance da jerin sunayen waɗanda ke kwana a cikinsa da gaske, ba tare da tsoron hukunci ba, domin ranar da mutum ɗaya ya kamu da sanƙarau, likita yana buƙatar sanin duk wanda ya kwana kusa da shi cikin awanni.

Na biyar, a cire tsoro daga rashin lafiya. Ƙanena ya ɓoye tarinsa ne domin ya yi lissafi, kuma lissafinsa ba na wauta ba ne: idan ya bayyana, zai iya rasa rajista ko gwajin aji, babu kuma wanda ya ba shi tabbacin akasin haka. Majalisar kowace jami'a tana iya zartar da doka cikin zama ɗaya cewa duk ɗalibin da asibitin makaranta ya kwantar ko ya killace, za a ɗaga masa rajista a sake masa gwaji, kuma makaranta ce za ta ciyar da shi. A faɗi wannan a taron wayar da kan sababbin ɗalibai, kafin a kai ga dogon jawabi kan tufafin da aka hana sawa.

Na shida, a shirya rufewa tun kafin a buƙace ta. Idan annoba ta ɓarke, abin da aka saba yi shi ne a ba ɗalibai awanni su tattara kayansu. Sai su cika tasha, su matsu cikin motoci, kowa ya nufi garinsu. Yaron da ya baro ɗakin da cuta ta shiga, da yamma yana ɗakin kakarsa a Dalijan yana gaishe ta. Rufewa tana iya zama dole, amma ya kamata ta zo da tantance waɗanda suka yi hulɗa da mara lafiya, da ba su maganin kariya inda likita ya ga dacewarsa, da sanar da jami'an lafiya na ƙananan hukumomin da za su koma.

Abin da za a ce mini

Za a ce babu kuɗi. Gaskiya ne jami'o'inmu suna fama da kuɗin wuta ma kawai, kuma gina isassun ɗakunan kwana aiki ne na shekaru wanda sai TETFund da gwamnatoci da 'yan kasuwa sun haɗa hannu. Amma cikin abubuwa shida da na lissafa, huɗu ba sa buƙatar komai sai takarda da shawara da sa hannu. Rashin kuɗi ya bayyana dalilin da ya sa mutum tara ke kwana a ɗakin mutum huɗu. Bai bayyana dalilin da ya sa ba a ba su lambar waya ba.

Za a ce mutanenmu ba sa yarda da allura. Wannan tsoro yana da tarihi, kuma bai kamata mai ilimi ya yi masa dariya ba. A lokacin annobar 1996 ɗin nan ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, lamarin da ya kai ga shari'a da biyan diyya, kuma inuwarsa tana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003. Amma mun ga yadda aka warware wancan ƙulli. Sarakuna da hakimai da dagatai da malamai ne suka shiga gaba, ta hanyar kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, wanda Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya shugabanta, har aka kai ga 25 ga Agusta, 2020, ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da shan-inna na daji. Hanyar da ta kai allura ga jariri a ƙauye za ta iya kai ta ga ɗan shekara goma sha takwas mai takardar JAMB a hannu.

Za a kuma ce rai da ajali na Allah ne. Haka ne, babu mai musu. Amma a tarihin Musulunci an san cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba ta sauka can, bayan ya yi shawara da sahabbai, kuma babu wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Iyayenmu da ke ɗaure wa yaro guzuri ba su ɗauki hakan a matsayin rashin tawakkali ga Mai ciyarwa ba.

Rabonmu

Yawancin masu karanta wannan wasiƙa su ne 'yan bokon gidajensu. Mu ake kira idan sakamakon JAMB ya fito, mu ke biyan kuɗin rajista ta waya, mu ake tambaya wane kwas ya fi. Saboda haka kafin jami'o'i su gyara nasu, akwai abin da ke hannunmu. Kafin ƙanenka ko 'yar yayarka ta tafi, a zauna da ita rabin awa. A gaya mata cewa zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya tare da matsanancin ciwon kai, ko sanƙarewar wuya, ko ƙin haske, ko ruɗewa, na asibiti ne nan take ko da ƙarfe biyun dare ne, kuma haka za ta yi wa abokiyar ɗakinta. A gaya mata gudawa mai kama da ruwan shinkafa tana buƙatar ruwan gishiri da sukari tun a hanya. A tambayi cibiyar lafiya mafi kusa ko akwai allurar sanƙarau, a duba katin rigakafinta na yarinta idan yana nan. Ranar da aka kai ta, kafin a yi hoto a bakin ƙofa, a taka da ita har asibitin makaranta a buɗe mata kati. A haɗa ta da wani babban ɗalibi ɗan gari, domin ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumomi da na masarautu suna nan a kowace makaranta, kuma wannan aiki ya fi liyafar ƙarshen shekara dacewa da su. A ware 'yan kuɗi da sunan rashin lafiya, a ce mata kada ta taɓa su don abinci ko data.

Waɗanda kuma ke koyarwa ko aiki a waɗannan makarantu, ko suke ma'aikatar lafiya ko ta ilimi mai zurfi a Birnin Kebbi, ina roƙon su ɗauki tambaya ɗaya zuwa taronsu na gaba: idan sabon ɗalibi ya faɗi a ɗakinsa daren farko, wa abokan ɗakinsa za su kira, kuma sun san lambar?

Ƙanena ya gama karatunsa, yanzu ƙanwarmu ce ke jiran nata gurbin. Inna ta riga ta fara tanadin gero da barkono. Da na je gida kwanan baya na ce mata akwai abin da zan ƙara a cikin kayan, na nuna mata takardar da na rubuta da hannuna, alamomin cuta a gefe ɗaya, wurin lambobin waya a ɗaya gefen. Ta sa aka karanta mata, ta yi shiru, sannan ta ce in ƙara rubuta guda biyu, domin akwai 'yar maƙwabta da ɗan gidan liman da su ma suke jiran suna ya fito.